Balon unguwa ba alƙali, to wa ke hura usur?

Duk wanda ya taɓa buga balon yamma a Damagaram, Birni ne ko Zango ko Garin Malam ko can wajen Karkada, ya san rabin wasan da ƙafa ake yin shi rabin kuma da baki. Fili ba layi, raga duwatsu biyu ne ko takalman soso, ba ƙarfen sama, ba arbit wato alƙalin wasa, ba usur ba kati, amma a haka mutum goma sha ko ashirin za su yi ta bugawa tun bayan la'asar har a kira magariba, gobe kuma su dawo kamar ba su ne jiya suka kusa cin kwalar juna ba. Ni rigimar ba ta ban mamaki, rigima kam dole ce. Abin mamakin shi ne yanda mafi yawan ranaku ake tashi lafiya, alhali ba wanda aka ɗora ma hukunci.

Mu fara da yanda abin yake tafiya. A balon unguwa kusan kowace gardama a kan abu huɗu take: ta fita ko ba ta fita ba, wa ta taɓa ƙarshe, hannu ne ko ƙirji, sai kuma babbar uwar rigima wato ta shiga ko sama ta bi. Tunda ba ƙarfen sama, tsawon gola shi ne ma'auni, in ya miƙa hannu ya yi tsalle bai kai ba sai a ce sama ce, shi ya sa in aka sa ƙaramin yaro a raga to ragar ma ta gajarce kenan. Yanzu ka duba da kyau, a duk abubuwan nan yawanci mutum ɗaya ne ya san gaskiyar magana ba tantama, kuma shi ne wanda gaskiyar za ta cuta. Mai tsaron baya shi ya ji balo ta goge shi a ƙwauri kafin ta fita, gola shi ya san ta ciki ta bi dutsen ko ta waje, wanda ta taɓa a dantse shi ya ji ta a jikinshi. Sauran duk hange ne cikin ƙura. Kenan wasan gaba ɗaya a kan maganar mai laifi yake tsaye, in ya ce "ni ta taɓa, ku buga kornarku" wasa ya ci gaba, in ya ce "wallahi ban taɓa ba" an tsaya kenan sai wani ya haƙura.

To me ke sa mutum ya faɗi abin da zai cuce shi? Kar mu yaudari kanmu cewa 'yan balon unguwa waliyyai ne. Dalili na farko rana ce. Tsakanin a taru a raba ekip da kiran magariba lokacin ba yawa, balle da sanyi da rana ke saurin faɗuwa, duk minti biyar da aka ɓata ana rantse-rantse daga cikin wasan kowa aka cire shi. Na biyu kuma wanda ya fi nauyi, fuskokin nan dai su ne gobe, su ne jibi, su ne a fada da dare wajen shayi, su ne sahun masallaci. Wanda ka yi ma ƙarya yau gobe wataƙila ekip ɗaya za a sa ku, kuma zai tuna. Abin kamar littafin bashin mai kanti ne, ba wanda ya ga lokacin da aka rubuta amma kowa da shafinshi. Akwai wanda in ya ce ta fita ba mai ƙara magana ko da abokan hamayya ne, sai ka ji an ce "tunda wane ya faɗa shi kenan", akwai kuma wanda ko ya rantse da abin da zai kashe shi sai an juya an tambayi 'yan kallo, kuma duka biyun ba a rana ɗaya suka samu matsayin ba.

Amma nan ne mutane ke yin gaggawar yanke hukunci, dan ba duk abin da ya yi kama da cuta ne cuta ba. Yanka da yaudarar ƙafa, ka kalli hagu ka ba da dama, ka yi kamar za ka buga ka ja, wannan dabara ce kuma ita ce daɗin wasan, kowa ya shigo fili ya yarda a yi mishi ita. Haka a dara, ka bar ma mutum ƙofa ya zaci ka yi sake ne ashe tarko ne, ba wanda zai ce ka cuce shi. Inda ta zama ha'inci shi ne ka matsar da karanka rami ɗaya lokacin da ya juya karɓar kofin shayi. Wannan bambancin ko yaro ya san shi, ba sai mun daɗe a kai ba.

Wanda ya fi wuya shi ne kuskuren ido, kuma shi ne ya fi yawa. Mutum biyu za su rantse a kan balo ɗaya, wannan ya ce ta shiga wancan ya ce ba ta shiga ba, kuma ba maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da zuciyarshi ke so idonshi ya nuna mishi. Wannan ba zancen fada ba ne kawai, an taɓa gwada shi. A 1954 wasu masana halayyar ɗan adam biyu a Amurka, Hastorf da Cantril, sun fitar da binciken da suka yi a kan wani wasan ƙwallon Amurka mai zafi da aka buga a 1951 tsakanin jami'o'in Princeton da Dartmouth. Sun nuna ma ɗaliban kowace jami'a hoton wasan, hoto ɗaya tak, suka ce kowa ya ƙirga laifukan da ya gani, sai 'yan Princeton suka ƙirgo ma Dartmouth laifi fiye da ninki biyu na wanda suka ga nasu sun yi, su kuma 'yan Dartmouth ba su ga yawan laifin nan a wajen nasu ba. Mutane ne a zaune ba gudu ba ƙura ba haki, ina ga wanda ke tsakiyar fili ana cin shi ɗaya ba ko ɗaya.

Saboda haka ni dai a ganina ba a auna mutum da gardama ɗaya. Abin da ake kallo shi ne ina kuskurenshi yake karkata. Mai gaskiya yana kuskure, amma kuskurenshi wani lokaci ya amfane shi wani lokaci ya cuce shi, kuma za ka ji kalmar "ban gani ba" a bakinshi, ko "ban tabbata ba a sake". Wanda kuwa shekara da shekaru duk kuskuren da zai yi sai ya faɗo gefenshi, bai taɓa rashin gani ba in abin zai amfane shi, bai taɓa gani ba in abin zai cuce shi, to wannan ba ido ba ne, hali ne. Kuma abin dariyar shi ne irin wannan mutumin shi ya fi kowa rantsuwa, ya sa sunan Allah a kan jifan gefe da ko dala ba ta kai ba. Ni rantsuwar nan ta fi damuna fiye da ƙaryar kanta, dan yaran da ke zaune bakin fili suna jiran a ba su wuri suna ji, kuma suna koyon cewa wallahi kalma ce ta cin gardama kawai.

Sai maganar lokaci. Faɗin gaskiya ana cinku biyar ko kuna cin biyar ba wani abu ba ne, kowa na iyawa, wani ma dan a yabe shi yake yi. Wurin da ake gane mutum shi ne ranar da ekip uku ko huɗu ke jira a waje kuma dokar ita ce wanda aka ci ya fita, ko an ji ladan ya fara gyaran murya aka ce wanda ya ci wannan shi ya ci wasa. A nan in ka ce "hannu ne, ni na taɓa" ba kai kaɗai ka fita ba, mutum biyar ko shida ka fitar tare da kai, kuma ba abokan hamayya ne za su taso maka ba, naka ne. "Kai wai na wa ne?" "Haba mutumina, wa ya tambaye ka?" "To malam liman sai ka je ka ja mu salla." Wannan matsin na 'yan gida shi ne ainihin jarabawar, ya fi kwaɗayin ci ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutane da yawa ba za su yi ƙarya dan kansu ba amma za su yi shiru dan ekip, su sunkuyar da kai su bar masu baki su yi musu rantsuwar. Kuma shirun nan shi ne irin wanda muke gani a wajen fili, ɗan unguwarmu ne, ɗan gidanmu ne, a rufa. Duk da haka ka lura da wani abu, waɗanda suka zage shi da yamma dan ya faɗi gaskiya, in an tashi tara kuɗin sayen sabuwar balo ko mayo wato rigunan wasa su ne za su fara cewa a ba wane ya riƙe.

Yanzu ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ka ɗauki yaran nan dai, waɗanda ke buga wasan yamma lafiya lau ba alƙali, ka kai su gasar babban hutu inda aka sa arbit da usur da kofi da 'yan kuɗi, sai ka ga wanda ka sani da faɗin "ni ta taɓa" ya ɗaga hannu yana neman jifan da ya san ba nashi ba ne, wani ya faɗi yana birgima ba wanda ya taɓa shi. Me ya canza? Nauyin ne ya tashi daga kanshi ya koma kan mai usur. Zuciyarshi ta ce mishi ai akwai wanda aka sa ya gani, in bai gani ba matsalarshi ce.

Turawan da suka tsara wasan ma ta nan suka bi. Lokacin da aka rubuta dokokin ƙwallo a Ingila a 1863 ba alƙali a tsakiyar fili, kyaftin-kyaftin ne ke sasanta gardama, daga baya kowace ƙungiya ta riƙa zuwa da mutum ɗaya da ake kai ma ƙara, sai a 1891 aka shigo da alƙali cikin fili da cikakken iko, kuma shekarar ce aka ƙirƙiro fenariti. Har akwai wata ƙungiya ta 'yan sha'awa mai suna Corinthian da ta ɗauki fenariti a matsayin cin mutunci, wai mutumin kirki ba zai yi keta da gangan ba balle a tanadi hukuncinta, ana ba da labarin in an ba su sai su buga waje, in an ba abokan hamayya golan Corinthian ya matsa gefe. Kuɗi da kofi na ƙaruwa ido na ƙaruwa, katin gargaɗi da jan kati a gasar duniya ta 1970, VAR wato alƙalin bidiyo a ta 2018 a Rasha, kuma har yau ba a daina faɗuwar ƙarya ba.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Thierry Henry a Nuwamban 2009, Faransa da Ayalan, ya tare balo da hannu ya ba Gallas ya ci, Faransa ta tafi gasar duniya. Bayan wasa bai musa ba, ya ce hannu ne amma shi ba alƙali ba ne. To wannan amsar a filin unguwa ba ta da wurin zama, dan a can kai ne alƙalin. Ka kwatanta da Miroslav Klose a 2012, yana Lazio suna wasa da Napoli, ya ci da hannu tun farkon wasa ba wanda ya ci wani, alƙali ya bayar, shi kuma ya faɗa mishi hannu ne aka soke, ƙarshe Napoli ta ci su 3-0. Na Suarez ɗan Uruguay da Gana a gasar duniya ta 2010 kuwa, wanda har yau yake mana ciwo, wani iri ne daban, shi bai ɓoye ba, ya tare da hannu a bainar jama'a ya karɓi jan kati ya fita, Gyan na Gana ya ɓarar da fenariti. Wato ya yi lissafi ne ya sayi laifin da farashin da doka ta sa. A unguwa da yawa wannan ba ya ko tasowa, in ka tare balo mai shiga da hannu kai ba gola ba sai kawai a ce ta shiga, a kai tsakiya. Wani lokaci dokar yaran unguwa ta fi ta FIFA hankali.

Ba ina cewa a kori alƙalai ba ne, in unguwa biyu suka haɗu da magoya baya da kuɗi a tsakani dole a samu mai raba gardama, in ba haka ba mun san yanda ake ƙarewa da jifa. Abin da nake cewa shi ne wasan da ke da alƙali ba ya nuna maka halin mutum kamar wanda ba shi, dan a na farko kana ganin abin da ya iya ɓoyewa ne, a na biyu kana ganin abin da ya zaɓa. Kuma a gasar nan ne babbar cutar ke shigowa wadda ba ta yara ba ce ta manya ce, wato rage shekaru. A ce gasar 'yan ƙasa da sha biyar, sai ga mai gemu da takardar haihuwa sabuwa fil, kowa a unguwa ya san shekarar da aka yi sunanshi amma a yi shiru. Yaron ba shi ya je ya gyara takarda ba. Abin ya taɓa ja mana kunya a matakin ƙasa ma, a 2009 an kori Nijar daga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Aljeriya saboda zancen shekaru, Malawi ta maye gurbinmu, kuma shekarar ce FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya.

To ta yaya abin fili ke komawa yarda a waje? Garinmu gari ne da harka da yawa ke tafiya ba takarda. Mai moto ya ba yaro kabu-kabu ya ce kawo kaza kullum da yamma, ba mita ba rasit. Ɗan kasuwar Dole ya damƙa ma wani kuɗi ya ce je Kano ka saro min kaya, farashin da ya dawo ya faɗa shi ne farashi. Kuɗin fada, adashe, gudummawar biki ko suna, duk a hannun mutum ɗaya suke kwana. A duk waɗannan yanayin iri ɗaya ne da na mai tsaron bayan nan, mutum ɗaya ne ya san gaskiya kuma shi ne zai amfana in ya ɓoye. An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani a gaban Sayyadina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinshi ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko dinari da dirhami sun taɓa haɗa su, da ya ce a'a sai ya ce mishi to ba ka san shi ba. Saurayi ɗan shekara sha takwas bai da tafiya bai da jari da za a gwada shi da su, abin da unguwa ta sani a kanshi yawanci daga fili da fada ta san shi. Shi ya sa in Alhaji zai ba yaro moto ya kira babban yayansu na unguwa ya ce "wane yaya yake?", amsar da za a ba shi rabinta a fili aka tattara ta, ko da wanda ke ba da amsar bai san daga can ya samo ta ba.

Haka abin yake a sauran wasanninmu, a langa mutum shi ya fi kowa sanin ya saki ƙafa ko bai saki ba in an cakuɗe, a karta akwai mai riƙe da kalar da aka nema ya ƙi sakawa ya ce babu, 'yan mata ma a carafke sun san wadda ke taɓa dutse ta ce ba ta taɓa ba.

Sai dai kar a wuce gona da iri. Fili yana nuna wani abu amma ba ya nuna komai. Akwai mai zafin kai da in balo na ƙafarshi ba ya ji ba ya gani, ya yi gardama kamar zai mutu, amma ka ba shi ajiyar miliyan ka dawo ka tarar da ita yanda ka bari. Akwai kuma mai laushin baki da ya gane gaskiyar fili ba ta da tsada, yana sayen suna da ita da arha. Jifan gefe ba jika ɗari ba ne, wanda ya iya haƙura da na farko ba lalle ya iya haƙura da na biyu ba. Ni yanda nake ɗaukarshi, gaskiyar fili ba ta isa shaida ita kaɗai ba, amma ƙaryar fili mai maimaituwa ta isa gargaɗi, dan wanda ya kasa sakin abin da ba shi da daraja ko kaɗan, ban ga dalilin da zai sa ya saki mai daraja ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗi, wato girma. A fili da yawa ba gaskiya ke yanke hukunci ba, shekaru ne ko ƙarfi ko mallakar balo. Babban yaya ya ce ta shiga, ƙaramin gola ya san ta waje ta bi amma tarbiyya ba ta bar shi ya ce "yaya ba haka ba ne", sai ya ɗauko balo ya miƙa. Mai balo kuma in an matsa mishi ya rungume abarshi ya ce ya tafi gida. Wannan ya fi ƙaryar tsara da tsara ɓarna, dan tsakanin tsara ana iya musu a rama gobe, amma yaro abin da yake ɗauka shi ne in ka girma gaskiya taka ce. Akasin haka kuma yana aiki da sauri, in babba guda ɗaya a fili ya saba cewa "a'a ƙanena ya yi gaskiya, ba ta shiga ba", cikin ɗan lokaci sai ka ga gardamar filin ta ragu, dan ba wanda zai tsaya yana rantsuwa a kan korna bayan wanda ya girme shi ya saki ci sukutum.

Shi kuwa mai cuta ba a korarshi, ba a ma cika faɗa mishi a ido ba, mu ba mu iya wannan ba. Abin da ke faruwa shi ne in ana raba ekip sai a riƙa barinshi ƙarshe ko da ya fi wasu iyawa, in ya kira keta ba mai tsayawa, wasa ya ci gaba yana tsaye yana ɗaga hannu. In kuma irinshi suka yi yawa a fili ɗaya ko su ne masu balo, sai masu haƙuri su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce aiki ya riƙe shi wancan ya koma wani fili can gaba, kafin damina ta zagayo wurin da ake jiran layi a shiga ya koma ba a iya haɗa biyar-biyar.